Ƙashin Saniya a Bakin Ƙadiri

Duk wanda ya taɓa sayen nama a Wurno ya san Abdulƙadiri mahauci, wanda ake kira Ƙadiri. Ba wai namansa ya fi na kowa ba ne, bakinsa ne ya fi na kowa. In ka tsaya a rumfarsa ka ce a yanko maka tsoka, kafin wuƙa ta sauka sai ka ji labarin ranar da ya kayar da bijimi shi kaɗai a kasuwar Achida. Abin da ba ya faɗa shi ne, bijimin nan kafin ya faɗi sai da ya ɗaga kofato ya kwashe masa haƙora uku na gaba. Shekara goma sha biyu ke nan da giɓin, har ya saba da shi.

Matsala ta fara ne da Shittu ya kafa rumfa daura da tasa. Shittu mahauci ne siriri, ba ya ɗaga murya, amma maganarsa ɗaya sai ta zagaye gari. In mai saye ya nufi wajen Ƙadiri, sai Shittu ya ce a hankali, yana wasa wuƙa, "Tahi ka saya. Amma ka dubi bakin mai naman tukuna. Taurin namanai na yak kakkaɓe mai haƙora."

Maganar nan ta bi Ƙadiri kamar inuwa. Ya kai nama kasuwar Rabah, ya tarar ta riga shi. Ya je Goronyo, wata tsohuwa ta taɓa naman da yatsa, ta leƙa bakinsa, ta wuce. Har ya kai ga yamma tana yi masa da rabin sa a kan tebur, ƙudaje ne kaɗai ke ciniki.

'Yarsa Sa'adiyya, wadda ke aikin jinya a Sakkwato, ita ta ga abin ya isa, ta zo ta ɗauke shi zuwa wajen likitan haƙori. Aka ɗauki hoton bakin. Likita ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, "Baba, wurin ya daɗe babu haƙori, ƙashin muƙamuƙin ya zaizaye. Za mu kafa ƙusoshin ƙarfe biyu, mu cike gefensu da garin ƙashi, mu rufe mu ɗinke. Jikinka zai mayar da garin nan ƙashinka a hankali, ya kama ƙusoshin. Bayan wata shida sai mu ɗora haƙora a kai."

"Garin ƙashin mi?" in ji Ƙadiri.

"Na saniya. Amma an tace shi, an tsarkake shi daga duk wata cuta." Likita ya ɗago wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsa ba.

Ƙadiri ya dubi kwalbar, ya dubi 'yarsa, ya fashe da dariya. "Wanga ɗan abu? Likita, kullum buhu guda ni ka zubar ma karnai! Shekara talatin ina sarar ƙashin shanu. Ai da ka hwaɗa min tun hwarko da na zaka da nawa."

"Baba, don Allah," in ji Sa'adiyya.

Aka yi aiki lafiya. Kafin su fita likita ya jero sharuɗɗa: ba nama, ba goro, ba taɓa wurin da yatsa ko harshe, ba buɗe leɓe a nuna wa jama'a. Kunu da fate da kurkure baki, sai kuma haƙuri. Ƙadiri yana gyaɗa kai, amma hankalinsa yana kan kwalbar nan. A motar komawa Wurno ya gama lissafinsa. In cokali ɗaya na gari zai ɗauki wata shida, to cokali shida wata ɗaya ke nan. Ya yi mamakin yadda mutum zai yi karatu har ya zama likita bai gano wannan ba.

Washegari ya fito rumfa da leɓe kamar an hura. Mahauta da masu saye suka taru, har Sarkin Fawa, dattijon da ke shugabantar mahautan garin, ya jawo kujerarsa.

"To, mu gani," in ji Sarkin Fawa. "Ina haƙoran?"

Ƙadiri ya kama leɓe da yatsu biyu ya ɗage. Jama'a suka leƙa. Babu komai sai baƙin zare da jan dasashi.

"Suna ciki," in ji Ƙadiri. "Aikin zamani na. Ƙarhe anka kahwa, kuma anka cike da ƙashin saniya."

Sai dai leɓen da ya kumbura bai bar kalmar ta fito daidai ba. Shittu ya ajiye wuƙa, ya kama kunne.

"Kashin saniya? Har Sakkwato kat tahi a cusa ma kashin saniya ga baki? Haba Ƙadiri, ai da mun kai ka garken Rabah ka ɗiba da ɗumi nai."

"Ƙashi nic ce! Ƙashi!"

"Awo, mun ji. Kashi."

Dariya ta kece har masu kayan miya suka taso. Ƙadiri ya hasala. Ya zare wuƙarsa ta fawa, wadda ya gada daga mahaifinsa, ya dangwarar da ita gaban Sarkin Fawa.

"Ranka shi daɗe, ka zama shaida. Yau saura kwana arba'in, ranar kasuwar Goronyo, haƙorana za su ci busasshiyar ganda gaban kowa. In sunka kasa, in aje wagga wuƙa in bar hwawa har abada."

"Likita kwana arba'in yac ce?" in ji Sarkin Fawa.

"Likita ya san littahi. Ni na san ƙashi."

Da yamma ya koma gida da ƙafafun sa guda huɗu. Ya ƙone su a wuta, ya zuba a turmin matarsa Mas'uda, ya ɗauki taɓarya. A bugu na bakwai turmin ya yi wata ƙara ya rabe biyu, kamar an fasa kabewa. Mas'uda ta fito daga ɗaki ta tsaya a kai.

"Malam, turmin da Innata tab ba ni na wanga."

"Dama ya tsuhwa."

"Shekara ashirin da biyat shina daka gero bai ce uffan ba. Mi kas sa mai?"

"Magani na. Ki bari, in abin ga ya kankama, turmin ƙarhe za ni sawo miki."

"Ka hwara sawo hankali," in ji ta, ta kwashe ɓarayin turmin.

Da safe ya ɗauki ƙasusuwan a buhu ya nufi injin niƙa na Sirajo. Ya tarar da layin kwanukan mata, ya ce nasa busasshen rogo ne, kuma yana sauri. Sirajo ya juye buhun ba tare da ya duba ba. Injin ya yi tari, ya yi gurnani, ya soma rawa yana matsawa daga inda aka kafa shi, hayaƙi mai ƙauri ya turnuƙe shagon. Da ƙyar ya tofar da gari mudu uku kafin bel ya tsinke ya tashi ya maƙale a kan dalbejiya.

"Wanga wane irin rogo na mai ɓargo?" in ji Sirajo, yana riƙe da guntun kofato.

"Na Goronyo na. Ruwan dam ka sa shi haka."

Bayan an gyara injin, duk garin da aka niƙa a ranar ya ɗauki ƙaurin ƙashi. A unguwa uku aka ci tuwo mai ɗanɗanon ƙafar sa, wani liman ma ya yaba wa matarsa a kan ta sa nama a tuwo. Da gaskiya ta fito, mata goma sha ɗaya suka yi sallama a ƙofar Mas'uda. Ƙadiri ya haura katanga ta baya.

Amma gari ya samu. Kullum safe da yamma sai ya ɗebi cokali shida, ya dama da ɗan man shanu, ya cusa ƙarƙashin leɓe ya danna da babban yatsa. Ya cika aljihunan rigarsa da saura don kada ya yanke masa a hanya. Tun daga nan karnukan Wurno suka san shi. In ya fito, biyu na jira a ƙofa. Kafin ya kai kasuwa sun zama tara, suna bin sa a jere cikin ladabi. In ya shiga masallaci su zauna daga nesa suna jira.

"Ƙadiri, hwarauta za ka?" in ji Shittu.

"Dabba ta san mai baiwa," in ji Ƙadiri.

Da ya ga garin ya yi masa yawa, sai ya ƙulla shi a leda ya tafi da shi kasuwar Rabah. Ya shimfiɗa buhu kusa da masu nono, ya soma shela: maganin giɓi, maganin haƙori mai girgiza, irin wanda likitocin birni ke ɓoyewa a kwalba. Wani Bafulatani ya tsaya, ya jingina da sanda, ya saurara har ƙarshe.

"Ƙashin wace nagge na?"

"Bijimi na, ja, mai tozo."

"To in ya kama, haƙorin mutum ka hitowa ko na sa?"

"Na mutum mana."

"Buɗe naka in gani."

Ƙadiri ya ce likita ya hana shi buɗewa. Wannan ne karo ɗaya tak da ya bi maganar likita. Bafulatanin ya yi murmushi ya wuce. Ranar mutum ɗaya ce ta saya, wata Inno Kaltume daga Rara, wadda ba ta da haƙori ko ɗaya a baki. Ƙadiri ya yi ta yi mata bayanin yadda ake cusawa, tana ta gyaɗa kai.

Mako biyu bayan haka ta dawo, ta nemi ƙulli biyar. Ƙadiri ya miƙe tsaye, ya kira jama'a su zo su ji shaida daga bakin mai ita.

"Inno, hwaɗa musu. Ya yi aiki ko bai yi ba?"

"Ya yi ƙwarai, ɗana. Allah shi yi ma albarka. Da ƙwansu taɓa-ka-hwashe na, yanzu ko ya hwaɗo bisa dutse ba shi komi."

"Ƙwan wa?"

"Kajina. Cikin dussa ni ka zuba musu. Ni mi za ni yi da haƙori yanzu, ana dama min hura?"

Jama'a suka watse suna riƙe da ciki.

A gida kuwa baki ya ɗauki wani salo. Danna-dannar yatsa ta warware ɗinkin, leɓen ya yi suntum har yana taɓo hanci, wari kuma ya sa Mas'uda ta mayar da tabarmarta tsakar gida. A rana ta ashirin da takwas Ƙadiri ya duba madubin babur ɗinsa, ya hangi kawunan ƙusoshin nan biyu suna leƙowa ta cikin dasashi. Ya yi wani ihu da ya tashi tantabarun maƙwabta.

"Mas'uda! Sun tsiro! Zaka ki gani!"

Ta leƙa daga nesa, ta toshe hanci da gefen mayafi. "Malam, wanga ba tsiro ba na, ruɓa ta. Bari in kira Sa'a."

"Kul! Hassada ta ka hwarawa daga gida."

Da Sa'adiyya ta bugo waya da kanta, ya ce mata komai lafiya, kunu kawai yake sha. Ta ce me ya sa muryarsa kamar mai magana cikin tulu. Ya ce sabis ne.

Saura kwana huɗu, ƙusoshi sun fito amma babu haƙora a kansu, kuma ya san in ya koma wajen likita za a ce masa wata shida. Sai ya nufi maƙerar Khalid, mai zuba tukwanen dalma.

"Haƙora ukku ni ka so, a haɗe, da rami biyu daga ƙasa."

Khalid ya ce shi tukunya da ludayi ya iya, bai taɓa zuba haƙori ba, ba shi da ma abin da zai kwaikwaya. Ƙadiri ya sa hannu a aljihu ya fito da muƙamuƙin tunkiya.

"Ga samhuri. Ka ɗan ƙara musu girma, don na nesa shi gani."

Khalid ya ƙara. Da aka liƙa su da gam ɗin gyaran takalmi, leɓen Ƙadiri ya kasa rufuwa. Haƙoran suka yi waje suna walƙiya kamar bambar mota. In ya ce "sannu" sai fito ya fita, karnuka su ɗaga kunne.

Ranar kasuwar Goronyo ta zo. Labari ya riga ya kai ko'ina, mutane suka zo daga Rimawa, daga Rara, har masunta suka bar kifinsu a bakin dam suka hauro kasuwa. Sarkin Fawa ya zauna a kujera, wuƙar gadon Ƙadiri a kan cinyarsa. Shittu ne ya kawo gandar, ya zaɓo ta wuyan tsohon sa, wadda ta yi wata biyu tana shan rana a kan rufin kwano. Da ya jefa ta a tebur sai ta yi ƙara kamar faranti.

Ƙadiri ya hau kan benci. Zazzaɓi na cin sa, gumi na zuba, amma ya kwance rawanin da ya rufe baki da shi. Rana ta daki dalma. Wata mata ta yi salati, wani jaki da ke ɗaure ya ja da baya.

"Jama'a!" in ji shi, fito na bin kowace kalma. "Likita yac ce wata shidda. Ni nic ce kwana arba'in. Yau za ku san wa as sarkin ƙashi tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo!"

"A rage jawabi, ganda na hucewa," in ji Shittu.

Ƙadiri ya ɗauki gandar da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya kafa mata haƙora. Wani zafi ya tashi daga leɓe ya fita ta ƙeya, hawaye suka zubo, amma dalma ta shige. Ya ja. Gandar ba ta zo ba. Ya sake ja. Ya nemi ya saki, haƙoran suka ƙi fita. Ya tsaya a kan benci da fatar sa rataye a baki kamar kare ya sato tabarma.

"Mi shi ka cewa?" in ji Sarkin Fawa, don Ƙadiri na ta gurnani yana nuni da hannu.

"Cewa shi kai a taimaka mai," in ji wani masunci. Kafin kowa ya hana, ya kama gefen gandar ya fizga da ƙarfin mai jan taru.

Aka ji ɗan sauti kamar an cire murfin kwalba. Masuncin ya faɗi zaune, gandar ta kuɓuce masa ta yi sama ta faɗo tsakiyar fili. A jikinta ga haƙoran dalma uku a kafe, ga ƙusoshin likita biyu suna bin su a baya, tsaf, ko ɗigon ƙashi bai kama su ba.

Ba a gama kallo ba sai wata shirwa, cikin masu shawagi a kan rumfunan nama, ta kawo sura ta ɗauke gandar da duk abin da ke jikinta. Ta yi sama da ƙyar, ta miƙe wajen dam, dalma na ƙyalli a ƙarƙashinta.

"La ilaha illallahu," in ji Inno Kaltume, wadda ta zo sayar da ƙwai. "Na rayu har na ga shirwa da haƙori."

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, kuka ne. Manyan mutane suka zube ƙasa suna dukan turɓaya. Shittu, wanda ba a taɓa jin muryarsa sama ba, sai da aka yi masa fifita. Da aka ɗan lafa, Sarkin Fawa ya share ido, ya ɗaga wuƙar.

"To Ƙadiri, alkawali. Wagga wuƙa ta zama tamu."

Ƙadiri na zaune a bencin, ya danna rawani a baki, rawanin ya yi ja. Kowa ya ɗauka ya ƙare. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Ranka shi daɗe, mi nic ce ranar nan? Nic ce ni za ni ci ganda?"

"Kac ce haƙoranka za su ci."

"To ina haƙorana yanzu?"

Sarkin Fawa ya dubi sama.

"Suna cikin ganda," in ji Ƙadiri. "Ba su saki ba. Duk mai cewa sun kasa, shi tahi shi kamo shirwa mu duba."

Dariya ta sake kama Sarkin Fawa har hularsa ta faɗi. Ya miƙa wa Ƙadiri wuƙar ta ƙota, ya ce, "Karɓi abinka. In munka kore ka, wa za shi riƙa ba mu irin wagga?" Sannan ya sa aka tsayar da mota, domin Ƙadiri ya soma ganin mutane bibbiyu.

Kwana biyar ya yi a gadon asibiti a Sakkwato ana yi masa allura. A rana ta uku Sa'adiyya ta kawo masa kunu ta tsaya a kansa.

"Baba, ka san da cutar ga ta shiga jini da yanzu zaman makoki mu kai?"

Ya sha kununsa, yana kallon bango. Da ta juya za ta fita ya ce, a hankali, "Ki ce ma innarki ina sane da turminta."

Likita ya wanke wurin, ya kwashe garin ƙafar sa da man shanu da guntun gam, ya ɗauki sabon hoto. Ya ce wanda ya zuba da farko duk ya lalace, har ma ciwon ya ci wani ɓangare na ƙashin Ƙadiri na asali. Yanzu sai an jira wata uku wurin ya warke, a sake zuba gari shi kaɗai a jira wata shida, sannan a kafa ƙusoshi a sake jira.

"Waɗanda muka yi wa aiki rana ɗaya da kai, da suka bi ƙa'ida, nasu yana kamawa lafiya lau," in ji likita. "Ina ƙusoshin nawa ma?"

"Sun yi tahiya," in ji Ƙadiri.

A motar komawa Wurno ya zauna gaba, baki cike da auduga, Mas'uda da Sa'adiyya a baya. Har suka wuce Achida bai yi magana ba, Mas'uda ta fara gode wa Allah a zuciyarta. Sai direba ya tambaye shi ko haƙori aka cire masa.

Ƙadiri ya zare audugar. "Cirewa? Yaro, dashe na. Kowa sau guda a ka yi mai. Ni likita da yag ga irin bakina, da kainai yac ce sai ya sake. Duk ƙasar ga ba wanda anka yi ma sau biyu sai ni."

Mas'uda ta miƙo hannu daga baya, ta karɓi audugar, ta mayar masa da ita baki, ta danna da babban yatsa.

"Likita yac ce a bar ta har gida," in ji ta. "Direba, bi a hankali. Ba mu sauri."